Tsimin Malam Hadi

Ranar da katafila ta shigo layinmu a Karantina, unguwarmu a Jidda, abu uku na fitar daga ɗaki: katifa, fanka, da Malam Hadi. Katifar da fankar ba su yi min gardama ba. Malam Hadi kuwa sai da na ɗaga shi cak daga kan buzunsa, yana ta cewa in bari ya ƙarasa lazimi, kamar direban katafilar ɗalibinsa ne da zai tsaya jira.

Shi Bazazzagi ne, ni Tanko Bakano ne, mutumin Bebeji, don haka tun haɗuwarmu a Jidda nake ce masa bawana, shi ma yana ce min bawansa, kuma har yau ba a samu alƙalin da zai raba mu ba. Umara ce ta kawo mu, kowa da shekarar zuwansa, kowa kuma ya manta hanyar filin jirgi. Iƙama, takardar zaman ƙasa, a hannun mutane kawai muke ganinta. Ni babu sana'ar da ban taɓa ba: dako, wankin mota, tura baro, sayar da ruwan sanyi a bakin titi. Boko kuwa ban yi nisa ba aka koro ni, saboda ƙadangaren da na saka wa malami a aljihu. Malam Hadi kuwa mutumin kirki ne, irin wanda ke sa ka ji kunyar kanka bai ce maka komai ba. Ɗinkin hula yake yi, yana biya wa 'ya'yan mutanenmu karatu, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin lokacin salla ya wuce shi ba. Ɗaki ɗaya muka haɗa shekara da shekaru. Tashina da asuba aikinsa ne, girki da ƙarya nawa.

Bayan rusau kowa ya kama gabansa. Masu takarda suka samu haya a Mahjar da wasu unguwanni, mu kuwa duk ƙofar da muka buga sai a ce mu fito da iƙama. Muka kwana a ƙarƙashin gada har aka kore mu. Muka koma bayan wani sito a Madinar Masana'antu, inda ƙarar injina ba ta ɗaukewa, ƙasar wurin kuma tana riƙe zafin rana kamar tanda. Ni jikina ya saba, ko a kan buhun albasa ina barci. Malam Hadi ne ya fara lalacewa. Bayansa ya riƙe, in zai yi ruku'u sai ya dafa bango, ga wani tari da ya kama shi. Wata safiya ya ce min shi fa ya gaji, zai je ya miƙa kansa ga shurɗa, 'yan sandan ƙasar, su kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, a sa shi a jirgi a mai da shi gida. Na tambaye shi wa zai tarar a can. Matarsa ta rasu tun yana nan, gidan gado an raba, 'yan'uwan da suka san fuskarsa duk suna maƙabarta. Ya ci gaba da jan carbi.

A ranar na yi wa kaina alkawari: ko ta halin ƙaƙa sai na sama wa tsohon nan ɗaki mai ƙofa, inda zai miƙe bayansa ba mai zuwa ya zungure shi da takalmi.

Wanda ya fara yi mana hanya wani Alhaji Sabo ne, haifaffen Jidda, farar jallabiya kullum kamar ba ya zama a ƙasa. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce akwai wani ɗan garin masunta kudu da Jidda, Lis, ana neman dattawa biyu masu amana su yi gadin ragar kamun kifi, ga ɗaki ga abinci. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Halas, ya ammi, shugul maujud, aiki akwai. Ku dai ku shiga mota.” Motar ɗaukar kaya ce, an cika ta da buhunan siminti, ya ce babu wurin katifa da fanka, amma kada mu damu, zai sako su a motar da ke biyowa. Ni da na yi rayuwata ina yi wa mutane dabara, da hannuna na miƙa masa fankar, har ina nuna masa inda ake ɗan bugawa in ta ƙi tashi.

Ina jin motar nan har yanzu tana hanya.

Lis gari ne ƙarami, a kwance a bakin teku kamar shi ma ya gaji. Ƙananan jiragen ruwa masu fenti shuɗi da fari a jere, maguna ko'ina, ƙarnin kifi ya kama har tufafin liman. Zafin wurin ba irin na Jidda ba ne. Iska ce mai laima, ka yi wanka ka fito, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Muka zagaya bakin ruwa muna tambayar mutumin da Alhaji Sabo ya ce mu nema. Babu wanda ya taɓa jin sunansa. Ragar kuwa babu mai gadinta, don babu mai satarta. Na kira lambar Alhaji Sabo, wata mata ta ce min da Larabci a kashe take, na sake kira ta sake faɗa, har na fara jin kunyarta.

Wani masunci ɗan Yaman, Salihu, shi ya gan mu zaune a gindin bango muna raba busasshen burodi. Bai tambaye mu komai ba. Ya tafi, ya dawo da faranti cike da shinkafa mai duhu da soyayyen kifi a kai, ya ajiye, ya koma gyaran injinsa. Da muka gama ya nuna mana rumfar da suke ajiye ƙanƙara, ya ce mu riƙa kwana a gefenta, wurin ya fi sanyi. Ni na samu aikin fiɗar kifi da dakon ƙanƙara. Gishiri ya shiga duk tsagar da ke hannuna. Malam Hadi ba ya iya komai sai zama, amma masuntan suka so shi, in sun dawo daga ruwa sai sun zo ya yi musu addu'a.

Wata rana bayan la'asar na same shi zaune a kan wani kifaffen jirgi yana kallon ruwa. Ya tambaye ni ta ina gida yake. Na nuna masa yamma, na ce in ya haye wannan sai Sudan, daga nan sai ya yi ta tafiya, in ya ji an fara yi masa rowa to ya iso Zariya. Bai rama ba. Wannan shi ya tsorata ni, don Malam Hadi bai taɓa barin Bakano ya ci shi da magana ba. Ya ce kawai yana jin ƙanshin ƙasa in an yi ruwan farko, ya rasa ta ina yake zuwa masa a wurin da babu komai sai gishiri.

Rumfar ƙanƙara ba ɗaki ba ce. Laimar wurin ta ƙara masa tari. Salihu ne ya ce mana a kan duwatsun da muke hangowa ta gabas an fara cirar inabi, ana neman hannu, can kuma akwai sanyi. Ya haɗa mu da wani direba da ke sauko da kayan lambu ya hau da kifi, ya ce masa mu baffanninsa ne. Direban ya dube mu, ya dubi Salihu, ya yi dariya, ya ce mu hau baya.

Hawan dutsen nan ba zan so wa maƙiyina ba. Hanya tana ta naɗewa kamar igiya, ka leƙa gefe ka hango rami babu ƙarshe, ga mu a tsakanin akwatunan kifi. Kunnuwana suka toshe. Malam Hadi ya yi amai har ya rasa abin amayarwa, ya riƙe hannuna yana karanta duk abin da ya haddace. Amma da muka kai sama iska ta sauya. Wani sanyi ya bugo mu, busasshe, mai tsabta. Na ga tsohon ya buɗe baki yana shaƙa kamar mai shan fura.

Mai gonar sunansa Abu Nasir, dattijo ne mai jan gemu, ya sha lalle, yana tafiya da sanda saboda gwiwa. Gonarsa hawa-hawa take a jikin dutse, kowane hawa an daɓe gefensa da duwatsu. A nan na fara ganin inabi a jikin uwarsa. Ni duk zatona bishiya ce babba kamar ɗinya, ashe abu ne mai yaɗo kamar duma, an kafa masa rumfa, 'ya'yan suna reto a ƙasa. Ranar farko Abu Nasir ya zaga da mu da kansa, yana tsinko wannan ya ce mu ɗanɗana, ya tsinko wancan. Akwai fari dogo mai zaƙi kamar zuma, akwai baƙi mai kaurin fata da ɗan ɗaci a ƙarshe, akwai wani mai ƙananan 'ya'ya da ya ce kakansa ne ya dasa. Yana bayani kamar mai gabatar da 'ya'yansa. Ni dai ina ta gyaɗa kai ina cika baki, don rabona da ɗan itace kyauta tun mangwaron maƙwabcinmu a Bebeji, shi ma ba kyauta aka ba ni ba.

A can ƙarshen gonar, kusa da tankin ruwa, na ga abin da ya tsayar da ni. Ɗaki ne na dutse, da koriyar ƙofar ƙarfe, da 'yar taga. Na leƙa. Akwai gado, akwai bargo, har da ƙusa a bango ta rataye riga. Abu Nasir ya ce mai gadinsa ne ya koma ƙasarsu. In an gama cira zai riƙe mutum biyu cikin ma'aikata, su zauna a ɗakin su riƙa ban ruwa suna korar birai, shi kuma ba ruwansa da takarda, yana da ruwa da aiki. Sai ya juya ya dubi Malam Hadi, wanda ke dafe da ƙugu, ya girgiza kai ya ce shaiban nan ya gaji. Shaiba tsoho ke nan. Na ce masa gajiyar mota ce, a garinsu shi kaɗai yake ɗaga jaki. Malam Hadi bai ji Larabcin da na yi ba sosai, da ya ƙaryata ni nan take.

Aka fara aiki. Mu masu cira a rumfar buhu muke kwana, mu da wasu 'yan Habasha da 'yan Bangaladash, duk matasa, suna hawa da sauka da kwali a kafaɗa kamar awaki. Malam Hadi aka ba shi zama a inuwa yana ware ruɓaɓɓu yana jera masu kyau a kwali. Aikinsa tsaf, amma in zai tashi sai na kama shi, kuma duk lokacin da na kama shi sai na ga idon Abu Nasir a kanmu. Na san in aka tafi a haka ɗakin nan na 'yan Habasha ne.

Sai na tuna da tulun babana. A bayan ɗakinsa yake, kullum a rufe. Saiwoyi da sassaƙe, citta, kanumfari, masoro, a zuba ruwa, a jefa mazarƙwaila don ta kashe ɗaci, a rufe a manta da shi. Sai ya yi kumfa, ya fara tsami, sannan ake cewa tsimi ya nuna. Babana da ƙoƙo ɗaya yake tashi ya yi noman yini, kuma yakan ce tsimin da bai yi kumfa ba ruwa ne kawai. To ina da ƙullin sassaƙe da na saya wurin wata 'yar Maraɗi a Karantina tun kafin rusau, yana cikin aljihun jakata, shi ya sa Alhaji Sabo bai tafi da shi ba. Citta da kanumfari na roƙa wurin mai dafa mana abinci. Mazarƙwaila ce babu. Na duba, ga tarin inabin da aka ware, wanda ya fashe, ana zubar wa awaki. Na ce ai zaƙi zaƙi ne. Na samu jarka, na matse inabin nan da hannuna har ta kusa cika, na zuba magunguna, na ɗaure bakin tam, na ɓoye a bayan tanki inda rana ke bugawa.

Kada mai karatu ya yi min dariya da wuri. Ni a sanina giya da dawa ake yi, a can bayan gari, ko kuma a kawo ta a kwalba daga kamfani. Inabi kuwa abin da ake kai wa marar lafiya asibiti ne. Wa zai zargi abin dubiya?

Bayan 'yan kwanaki na leƙa, na tarar jarka ta kumbura kamar cikin mai juna biyu. Na sassauta murfi, ta yi tsaki, kumfa ta taso. Wallahi har ƙwalla na yi, na ce yau ga tsimin babana a ƙasar Larabawa. Na fara ɗanɗanawa, don ba a ba marar lafiya abin da ba a gwada ba. Ya sauka da ɗumi, ya bazu a ƙirji, can sai na ji gwiwoyina sun manta da shekarunsu. Washegari na kai wa Malam Hadi a ɗan kofin shayi. Ya tambaye ni mene ne, na ce tsimi, sassaƙen 'yar Maraɗi. Ya yi bisimilla ya shanye, ya yamutsa fuska, ya ce citta ta yi yawa, Kanawa ba su iya komai daidai ba. Da na ji ya taɓa Kanawa na san magani ya fara aiki.

Kullum da safe ɗan kofi ɗaya. Tsohon nan ya fara tashi ba a kama shi ba. Ya fara shiga rumfar inabi yana cira da kansa. Har hira ya dawo yi. Abu Nasir ya tsaya yana kallonsa, ya ce masha Allah, iskar dutse ta karɓi shaiba. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina kamar babban likita.

Ranar da za a gama cira, ita ce ranar da Abu Nasir zai faɗi waɗanda zai riƙe. An yanka rago, za a ci shinkafa bayan azahar. Na ce yau ba ranar ɗan kofi ba ce. Da muka idar da salla na ja Malam Hadi bayan tanki, na cika masa kofin silba babba, na ce ya daure, ɗakin nan yau ake rabonsa. Ni ma na sha nawa don ƙarfafa masa gwiwa, na ƙara wani don ƙarfafa tawa. A lokacin tsimin ya ƙara nuna ƙwarai.

Abin da ya biyo baya wani na gani, wani daga baya aka ba ni labari. Malam Hadi, mutumin da ko tari yake yi sai ya nemi afuwa, ya ɗora kwali biyu a ka, ya bi layin 'yan Habasha yana waƙar noma irin ta samartakarsa, yana buga ƙafa. Yaran suka ajiye kaya suna tafa masa. Ya sauke kwalayen a gaban Abu Nasir, ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa da Hausa daga yau shi ma bawansa ne. Ya gaida jakin gonar, ya tambaye shi iyali. Daga nan ya zauna daɓas a ƙarƙashin rumfa yana dariya, dariyar ta juye kuka, ya fara kiran Habiba, Habiba. Sunan matarsa ke nan. Duk zamanmu ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, sai dai ya ce mai ɗakina, Allah ya jiƙanta.

Mai hankali da ya ga haka zai tsorata. Ni kuwa a lokacin tausayi ne ya cika min zuciya, na ga Abu Nasir tsaye da sanda, na ce bawan Allahn nan ya ba mu inabinsa mun ɗanɗana, ga shi yana fama da gwiwa, ni kuma ina ɓoye magani. Na je bayan tanki na rungumo jarka, na zo gaban jama'a, na tsiyaya a kofi, na miƙa masa da hannu biyu. Har jawabi na yi da wani Larabci da ban san ina da shi ba.

Ya karɓa. Ya kai hanci. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa ma'aikata su tafi wurin abinci. Ya ɗauki jarkar da kansa, da sandarsa da komai, ya kai bakin dutse ya tuntsurar, ya tsaya har ta tsiyaye. Ya dawo ya ce min kalma ɗaya, khamr, giya. Sannan ya tura mu cikin ɗakin dutsen nan ya ja koriyar ƙofa ya sa sakata ta waje. Haka muka fara kwana a ɗakin da na yi ta mafarki, Malam Hadi a kan gado, ni a ƙasa, duniya tana juya min kamar fankata da ta tafi.

Da gari ya waye kaina kamar ana daka a ciki. Hankali ya dawo, tsoro ya biyo shi. Baƙo marar takarda, a ƙasar nan, an kama shi ya haɗa giya, ba tarhil kawai ba ne, sai ya ga kurkuku tukuna. Malam Hadi yana zaune a bakin gado, hasken taga a fuskarsa. Ya tambaye ni a hankali me na sa a tsimin. Na lissafa masa: sassaƙe, citta, kanumfari. Ya ce sai me. Na ce sai ɗan inabi, saboda babu mazarƙwaila.

“Inabi ka matse, ka rufe, ka ajiye a rana.”

Na ce haka ne.

“Tanko,” ya ce. Bai ce bawana ba. “La'asar ta wuce ni. Magariba ta wuce ni. Isha ta wuce ni.”

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Akwai bokitin ruwa a ɗakin. Ya wanke bakinsa, ya sake wankewa, ya wanke gaban rigarsa, ya yi alwala, ya ta da salla. Ciwon bayan ya dawo masa sabo, yana dafa bango yana ramawa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa. Ana cikin haka na ga inuwa a taga. Abu Nasir ne. Ya daɗe a tsaye, sannan na ji an zare sakata.

Ya shigo da butar gahawa da dabino, ba da shurɗa ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya jira Malam ya sallame, sannan ya ce in faɗa masa gaskiya, wa ya koya min, kuma wa nake sayar wa. Na ba shi labarin tulun babana da iyakar Larabcina, ina yi ina kwatance da hannu. Na ce don shaiba ya samu ɗakin nan na yi, shi bai san abin da ke ciki ba. Ya tambaye ni to da me nake zaton ake yin giya. Na ce da dawa. Ya ce inabi fa. Na ce ni ban san inabinsa ba shi da tarbiyya ba.

Ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, gemun ya fara rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ta zama tari, ya share ido da gefen ƙyallen da ke kansa. Ya ce shekarunsa duk a gonar nan, an sace masa inabi, birai sun ci, ƙanƙara ta kashe, amma bai taɓa ganin wanda ya haɗa giya ya kawo wa mai gona a gaban jama'a da hannu biyu ba. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ni ba mugu ba ne, wawa ne. Na yi godiya, don a ranar babu yabon da ya fi wannan.

Sannan ya daina dariya. Ya ce shaiba zai zauna. Ban ruwa buɗe famfo ne, birai kuma ƙarar gwangwani ta ishe su, zai haɗa shi da ɗaya daga cikin 'yan Habasha don aikin ƙarfi. Mutumin da ke kuka don salla ta wuce shi, in ji shi, ba zai ci amanar gona ba. Ni kuwa in shirya, motar kifi za ta sauka da hantsi. Na buɗe baki zan yi magiya, ya ɗaga hannu.

“Kai hannunka ya iya. Mutumin da ya yi wannan bai sani ba, me zai yi yanzu da ya sani? Ba zan bar ka kusa da inabi ba.”

Malam Hadi ya ce in haka ne shi ma ba zai zauna ba, tare muka zo. Ya fara laluben takalmansa. Na dubi gadon, na dubi bargon, na dubi ƙusar da ya riga ya rataye hularsa a kai. Na tuna bayan sito da rumfar ƙanƙara. Na taka takalmin nasa da ƙafata.

“Tun yaushe bawa yake zaɓar inda ubangidansa zai ajiye shi? Na kawo ka, na ajiye ka. Zauna.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Allah ya shirye ka, bawana.” Na ce amin, amma ba da gaggawa ba. Na fita da sauri, don ba na son Bazazzagi ya ga fuskata.

Saukowa ta fi hawa tsawo, ko don babu mai riƙe min hannu ne. A Lis Salihu ya tambaye ni ina baffansa ɗaya, na ce ya zama mai gida a kan dutse. Ya sake kawo min shinkafa da kifi, na ci rabi, don na saba ture wa Malam Hadi rabin gefe. Na ɗan yi kwanaki ina fiɗar kifi, sannan na bi wata motar na dawo Jidda. Na bi ta inda Karantina take, fili ne fetal, na kasa gane ko da kwanar layinmu.

Yanzu ina gadin wani sito a Mahjar, ina kwana a kan kwalaye, zafi yana cina babu fanka. Babu mai tashina da asuba, sai na sa waya, ita kuma ba ta iya cewa tashi bawana. Ran Juma'a yakan kira ni ta wayar ɗan Habashan. Ya ce tarin ya tafi, bayan yana nan amma da sauƙi, birai sun san muryarsa. Ba ya taɓa tayar da maganar ranar nan, ni ma ba na tayarwa.

Kwanan baya direban kifi ya neme ni har sito, ya miƙo min ƙullin leda, ya ce saƙo ne daga dutse. Na buɗe, zabibi ne, busasshen inabi, baƙi, mai yawa, irin na kakan Abu Nasir. Na tambaye shi ko an haɗo da magana. Ya ce shaiba ya sa shi ya haddace ta da Hausa, ya yi ta maimaita masa har sai da ta zauna. Ya gyara tsayuwa, ya dube ni, ya faɗa da bakinsa na Balarabe:

“A ci a bushe. Kada a jiƙa.”